Gaɓa Ta Uku

An ɗauke wuta a Kakuri tun la'asar.
Uwani ta jawo tabarma bakin zaure,
littafin Faransanci a cinya, biro a bayan kunne,
ta ce, "Kaka, gobe jarrabawa,
kuma Malama Saratu ba ta yafe ko wasali guda."

Na ce karanta in ji.
Ta ɗora yatsa a kan ils parlent,
ta sare shi biyu kamar mai sayar da rake:
far-lant.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni,
don haka na faɗe shi shekara arba'in baya,
hannuna duk baƙin mai,
wani dogon Bafaranshe yana toshe kunne
a gefen Fijon da ba mu gama ɗaura wa ƙofa ba.

Yarinya, ba laifinki ba ne.
Mu ba ma barin baƙi su kwana da ƙishi,
duk baƙin da ya sauka a harshenmu
sai mun miƙa masa wasali ya jiƙa maƙoshi.
Haka birki ya samu wurin zama,
haka kuloci, haka fulogi.
Su kuwa can
sai su rubuta haruffa uku a wutsiyar aikatau,
su ce kowa ya kama bakinsa.
E da n da t suna nan tsaye a layi
kamar leburori ranar da ba a kira suna ba.
Parl. Gaɓa ɗaya. Rufe baki, an gama.
Kuma haɗa leɓɓan nan da kyau,
p ce, ba fanke ake hurawa ba.

Ta ce, "To me ya sa ake wahalar rubuta su?"
Na ce tambayi Malama Saratu.
Ni dai na san wanda ya yi shiru bai mutu ba.
Dubi s ɗin da ke ƙarshen ils,
yini guda ba ya cewa uffan,
amma wasali na tsayawa kusa da shi
sai ya tsallaka katanga, ya koma z,
ya shiga gaɓar maƙwabci ya zauna:
il-zon, suna da shi.
Il-son, su ne.
Ƙudan zuma a ɗaya, maciji a ɗaya,
tsakanin abin da mutum ke da shi da abin da yake
sautin da bai kai ƙwayar gero ba.

Ta maimaita. Ta kuskure. Ta harari littafin.
Mai kosai a tsallaken titi ta fara kwashe kaya,
sauro ya fito karɓar harajinsa.

Sai ta buɗe shafi na gaba.
Je travaille.
Tafa hannu, na ce, ki ƙirga.
Tra-vay. Biyu.
Ina aiki.
Je travaillais.
Tra-va-ye. Uku.
Ta ɗago kai. "Wannan fa, me yake nufi?"

Na kalli hanyar da muke bi da asuba a da,
mu ɗari-ɗari, kekuna da kwanon abinci,
jiniyar masaƙa tana kira daga wancan ɓangare.
Yanzu ciyawa ta fi ni tsawo a wasu ƙofofin.
Na ce yana nufin dā ina aiki.

Gaɓa ɗaya aka ƙara, ƙarama, ye,
ba ta cika baki ba.

Uwani ba ta lura ba, tana ta tafi,
tra-va-ye, tra-va-ye,
har ta mai da shi wasan gaɗa.
Na ce sassauta, kar ki ja ta ukun,
taɓa ta kawai ki wuce.
Ta ce, "Kaka, kai ma ja kake yi."

Aka kawo wuta. Yaran layi suka yi ihu.
Ta naɗe tabarma, ta bar mini biron.